Mota Mai Lokaci da Labari Mai Tushe: Abin da Paraku da Jugu Ke Jira Daga Gare Mu

Jawabin magatakardan ƙungiya a taron zagayowar ranar kafa ta, kamar yadda ya gabatar da shi a gaban mambobi da baƙi.



Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan rana da rai da lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalan gidansa da sahabbansa.

Mai girma shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa, iyayenmu sarakunan zango na Paraku da na Jugu, malamanmu, wakilan magajin gari, shugabannin sandikar direbobi, iyayenmu mata 'yan kasuwa, da baƙinmu da suka taso daga Malanbil, Gaya, Kamba, Cikanda da Kara, ina yi muku barka da zuwa. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya mayar da kowa gida lafiya.

Ni yaro ne a wannan zaure. Akwai waɗanda suka fara kai kaya Yamai tun ban zo duniya ba, kuma ga su nan zaune a sahun gaba. Dalilin da ya sa shugaba ya ce in yi magana shi ne littattafan ƙungiya a hannuna suke. Ni ke rubuta kuɗin wata, ni kuma ke rubuta ƙorafin da mambobi ke kawowa ofis. Don haka abin da zan faɗa yau naku ne, tattara shi kawai na yi.

Wanda bai taɓa buɗe littafin ƙorafi ba zai zaci maganar duwan da shingayen hanya ce ta cika shi. Tana ciki, ba a rasa ta ba. Amma akwai maganganu biyu da hannuna ya gaji da rubuta su. Ta farko ita ce: "Na wuni a tasha, mota ba ta cika ba, kasuwa ta watse ban isa ba." Ta biyu kuma: "Ban ji labari ba sai da na isa can." A kan waɗannan biyu nake son mu tsaya, domin a ganina su ne ke cin garuruwanmu a hankali, kamar gara a cikin azara, kuma maganinsu bai fi ƙarfin ƙungiya irin tamu ba.

Kafin in zo ga shawara, ku ba ni dama in waiwaya baya kaɗan, don matasanmu su san inda aka fito.

Hanya ce ta raya Jugu da Paraku. Shekaru ɗaruruwa fatake na tasowa daga Kano da Katsina da sauran ƙasar Hausa da jakuna ɗauke da kanwa, tufafi da kayan fata, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Borgu ta Nikki da Paraku, su sauka a Jugu, sannan su nufi Salaga a ƙasar Gwanja su sayo goro. Unguwar Wangara ta Jugu ta baƙi 'yan kasuwa ce tun asali, Kilir kuma ta sarauta. Dendanci ya zama harshen ciniki a garuruwan biyu, Hausa kuma ta zo da ayari ta zauna a zango.

Ku dubi yadda ayari yake a tsare. Akwai madugu, shi ke da ikon cewa gobe da asuba za a tashi, kuma in ya faɗa an tashi ke nan. Akwai jagaba da ke gaba yana duba hanya. Akwai uban dawaki mai kula da abin da za a biya sarakunan da za a ratsa ƙasarsu. Akwai malamin ayari mai rubutu da lissafi. A zango kuma akwai fatoma, wanda kafin baƙo ya sauke kaya ya riga ya gaya masa farashin goro, da hanyar da ke da lafiya, da wadda ake fashi. Mutanen nan ba su da waya, ba su da kwalta, amma sun san ranar tashi, kuma sun san bakin da za su karɓi labari daga gare shi.

Me ya kashe wannan hanya? Yaƙin basasa ya rusa Salaga a 1892. Turawa suka yanka iyakoki. Sannan jirgin ƙasa daga Legas ya fara zuwa Kano a 1912, goro ya koma bin teku da dogo. Mutanen Jugu ba su yi wa kowa laifi ba. Hanya ce ta kauce musu, ciniki ya bi ta.

Ita kuwa Paraku sai ta samu sabuwar rayuwa. A 1936 dogon jirgi daga Kwatano, mai tsawon kilomita 438, ya iso nan ya tsaya. Tun daga lokacin duk kayan da za su Nijar sai an sauke su a Paraku a loda wa manyan motoci su kama hanyar Kandi da Malanbil. A shekarun 1950 aka tsara fitar da gyaɗar Nijar ta wannan hanya, a 1959 kuma aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu, wadda daga baya muka sani da OCBN. 'Yan dako, masu abinci, makanikai, masu gidajen saukar baƙi, kowa ya ci albarkacin tashar jirgi. Dattawanmu na tuna lokacin da mutum ke sanin ranar da jirgi zai iso, ya shirya kayansa a kanta. Jirgin fasinja ya daina zuwa tun tsakiyar shekarun 2000. An yi maganar tsawaita dogo zuwa Yamai, har aka shimfiɗa ƙarfe daga Yamai zuwa Doso, amma ɓangaren da zai haɗa Paraku da Gaya bai samu ba.

Darasin da na ɗauka a wannan tarihi shi ne, duk lokacin da garuruwanmu suka bunƙasa, akwai abin hawa da aka san lokacinsa, akwai kuma labari da aka yarda da shi. Duk lokacin da suka ja baya, ɗaya daga cikin biyun ne ya gushe.

To, yau me muke da shi? Gaskiya muna da abubuwa da yawa da kakanninmu ba su yi mafarkinsu ba. A ƙidayar 2013 ƙaramar hukumar Paraku na da mutum fiye da 255,000, ta Jugu kuma fiye da 267,000, kuma kowa ya san an ƙaru tun daga lokacin. Tsakanin garuruwan biyu kilomita wajen 135 ne, kwalta ce, ta Beteru. Jugu na da mafita shida: ta Paraku, ta N'Dali, ta Pehunko, ta Natitingu mai zuwa Burkina Faso, ta Wake mai shiga Togo, da ta Basila mai gangarawa kudu. Paraku na kan babbar hanyar Kwatano zuwa Malanbil, kuma daga nan ana bin Nikki a shiga Nijeriya ta Cikanda. Muna da jami'a tun 2001, mai tara dubban ɗalibai masu buƙatar abinci da abin hawa. An shimfiɗa sababbin tituna a cikin Paraku, an gina sababbin kasuwanni a Gema da Jugu, ga Arzeke nan, wadda sunanta kaɗai ya isa addu'a. Kusan kowane ɗan kasuwa na da waya a aljihu, da layin MTN ko Moov ko Celtiis, yana tura kuɗi ba tare da ya tashi daga rumfarsa ba.

Amma duk da haka, mace mai tumatir za ta zo tasha da ƙarfe shida na safe, ta biya kuɗin kujera, ta zauna. Ƙarfe takwas saura mutum huɗu. Ƙarfe goma saura biyu, ɗaya kuma ya gaji ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Tafiyar da ba ta wuce awa biyu zuwa uku ba sai ta cinye mata wuni. In ta isa, masu sari sun riga sun saya a hannun wani, rana kuma ta taɓa kayan. Ta sayar da faɗuwa, ta kwana a garin da ba ta shirya kwana ba, ta biya abinci, ta bar yara a hannun maƙwabta. Wannan asarar ba ta shiga littafin kowace hukuma, amma tana shiga tukunyar gidanta. In abin ya maimaitu sau uku ko huɗu, sai ta haƙura da tafiyar gaba ɗaya. Haka kasuwa ke rasa mutanenta, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an ji ƙara ba.

Abin mamaki, a doguwar hanya mun riga mun ga magani. Kamfanonin manyan bas da ke zirga-zirga tsakanin Kwatano da Paraku, da irin su Rimbo a Nijar, da me suka janye fasinja? Da agogo. An rubuta lokacin tashi a tikiti, kuma ana tashi ko da kujeru ba su cika ba. Da mutane suka tabbatar da haka, sai suka fara zuwa kafin lokaci, kujerun suka riƙa cika da kansu. Sai ga shi mai zuwa Kwatano, tafiyar fiye da kilomita 400, ya san lokacin tashinsa, mai zuwa Jugu da ke nan kusa bai sani ba. Ƙauyukan da ke ciyar da mu kuwa sun fi shan wuya. Manomin doya ko kashu ko waken soya, da matan da ke haɗa man kaɗe, yawancinsu babur ne gatansu. Babur ba ya ɗaukar buhu biyar, kuma tun da Nijeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, man kpayo ya yi tsada, kuɗin zem ya bi shi. Sai manomi ya sayar a bakin gona a farashin da mai mota ya yanka masa.

Yanzu in koma ga maganar labari. 'Yan shekarun nan sun koya mana darasi mai ɗaci. A watan Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗe su ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, aka rufe gadar Malanbil da Gaya. A Fabrairun 2024 ƙungiyar CEDEAO ta ɗage takunkumi, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma na Nijar ya zauna a rufe, har aka shiga 2025 mutane na ƙetarawa da kwale-kwale, manyan motoci kuma suka koma zagaye ta Togo da Burkina Faso. Buɗe iyaka da rufe ta ba a hannunmu yake ba, maganar shugabanni ce, muna kuma roƙon Allah ya daidaita tsakaninsu. Amma ku tuna yadda muka yi a waɗannan watanni. Kowace safiya sai an turo saƙon murya a WhatsApp cewa an buɗe. Ba a san mai maganar ba, ba a san ranar da ya yi ta ba. Wasu daga cikinmu suka ɗauki hayar mota, suka loda kaya, suka yi tafiyar kilomita wajen 320 zuwa Malanbil, suka tarar da gada yadda take. Wasu kuma suka ji an ce za a hana fitar da kaza, suka yi gaggawar zubar da hajarsu da araha, daga baya maganar ta zama iska. Rufe iyaka ya cutar da mu, jita-jita ta ƙara mana gishiri a miki.

Ba ƙarancin labari ke damunmu ba, ya ma yi mana yawa. Abin da muka rasa shi ne fatoma, wato bakin da in ya faɗi magana za a iya ɗora dukiya a kanta. Sanarwar hukuma kuma da Faransanci take fitowa, a manna ta a bangon ofis, alhali yawancin iyayenmu mata da ke riƙe da kasuwa ba sa karanta Faransanci. Kafin maganar ta iso rumfa ta bi baki biyar, kowane baki ya ƙara mata nasa.

Saboda haka, da izinin shugaba, ina gabatar wa wannan taro shawarwari biyar. Kwamiti ya ga su, amma ku ne masu yanke hukunci.

Ta farko, motar asuba mai lokaci tsakanin Paraku da Jugu. Mu zauna da sandikar direbobi mu daidaita a kan mota ɗaya daga kowane gari, wadda za ta tashi ƙarfe 6:30 na safe, ta cika ko ba ta cika ba. Mu fara da kwana uku a mako, na tsawon wata uku, a matsayin gwaji. Direba ba zai yi asara ba, domin ƙungiya za ta biya kujerun da suka rage, har zuwa kujera huɗu. Bari in buga lissafin a gabanku, da misali kawai, tunda farashin gaskiya sai an zauna da su. Mu ƙaddara kujera jaka 3 ce. Kujera huɗu jaka 12 ke nan, mota biyu jaka 24 a rana. Kwana uku a mako ya kama wajen kwana 13 a wata, wato jaka 312 idan kullum aka rasa kujeru huɗun nan duka. In mutum 160 suka ba da jaka biyu-biyu a wata, an rufe wannan. Ina tambayar kowane mai tafiya a nan: wuni guda da ka ɓata a tasha, asararsa ba ta fi jaka biyu ba? Kuma wannan shi ne lissafi mafi muni. Mamba zai iya kama kujerarsa tun daren jiya ta hanyar tura kuɗi a waya. Kujerar da babu mutum kuma za a iya ɗora mata saƙon kaya mai rasit. Ina kyautata zaton kafin wata uku su cika, asusun zai daina fitar da kuɗi.

Ta biyu, motar ranar kasuwa zuwa ƙauyuka. Kasuwannin karkara ba rana ɗaya suke ci ba, wasu mako-mako, wasu bayan 'yan kwanaki, shi ya sa baƙo ke rikicewa. Ƙaramar hukumar Jugu kaɗai gunduma 12 gare ta, tara daga ciki a karkara suke, irin su Kolokonde, Partago, Barei da Pelebina. Mu rubuta kalandar kasuwannin nan ta kowane wata, mu manna a tasha da masallatai da bakin kasuwa. Sannan mu zaɓi kasuwa biyu a kowane ɓangare mu fara da su: mota ta tashi da safe a lokacin da aka sani, ta dawo bayan la'asar a lokacin da aka sani. Manomi in ya tabbatar mota na zuwa, zai kawo kayansa bakin hanya, mu kuma mu samu haja a kan kari.

Ta uku, baki ɗaya na labari. A kowace iyaka da muke bi, wato Malanbil, Cikanda, Wake da Porga, ƙungiya ta naɗa mutum ɗaya amintacce mazaunin wurin. Kowace safiya ya kira ofis ya faɗi abin da idonsa ya gani: ana wucewa ko ba a wucewa, layin motoci ya yi tsawo ko a'a, akwai sabuwar takarda da ake nema ko babu. Ofis ya haɗa wannan da farashin manyan kayayyaki a Arzeke da Jugu da Malanbil, da canjin naira da sefa, ya fitar da saƙon murya guda ɗaya kafin ƙarfe takwas. Saƙon ya fara da ranar wata da sunan ofis, don kada a sake yaɗa na makon jiya a ce na yau ne. Zauren da za a riƙa tura shi kuma a rufe shi, ofis kaɗai ke da ikon yin magana a ciki. Barka da Juma'a da hotunan biki suna da nasu zauren, ba mu hana ba. Abin da ba mu tabbatar ba, ba za mu tura ba, ko da duk gari na faɗinsa. Gara a ce ofis ya yi jinkiri da a ce ofis ya sa mutum ya yi asara.

Ta huɗu, rediyo da harsunan mutane. Ba kowa ke da babbar waya ba, amma da wuya ka shiga rumfa ko ruga ka rasa rediyo. Muna da tashoshi a gida: Deeman da Fraternité da Arzèkè a Paraku, Solidarité a Jugu, ga kuma reshen gidan rediyon gwamnati. Mu nemi minti goma sha biyar sau biyu a mako, a karanta lokutan mota, kalandar kasuwanni, farashi da sanarwar hukuma. Kuma kada mu tsaya a Hausa kaɗai. Wanda muke saye a hannunsa Bariba ne ko Bafulatani ko mutumin Yom ko Lokpa, wanda muke sayar wa kuma Dendanci ko Yarbanci yake ji. In labarin ya tsaya a zango, rabin aikin muka yi. Cikin 'ya'yanmu akwai masu jin harshe uku ko huɗu, wasu ma suna jami'a. Mu ba su wannan aiki, mu ba su ɗan abin sayen sabulu. A ranar kasuwa kuma mu dawo da mai shela, da lasifika a hannu, ya zagaya layi-layi. Tsohuwar dabara ce, amma har gobe tana aiki.

Ta biyar ta shafi ofishina kai tsaye. Tun ranar 30 ga Nuwamban 2024 lambobin waya a Benin suka koma guda goma, aka ƙara 01 a gaba. Ga masu layi biyu ko uku, na nan da na Nijar ko na Nijeriya ko na Togo. Ina roƙon kowa, kafin ya bar wannan zaure, ya tsaya a teburin da ke bakin ƙofa ya sabunta lambarsa, ya faɗi hanyar da ya fi bi, da irin hajarsa, da harshen da yake so a turo masa saƙo, da lambar wanda za a kira in wani abu ya same shi a hanya. Littafin zai zauna a ofis, ba za a ba kowa shi don talla ko siyasa ba.

Na san akwai masu ja, kuma suna da hujja. Direba zai ce, in aka ware mota ɗaya ta tashi da lokaci, ta kwashe fasinjan da ke kan layi, ni da na kwana ina jiran juyina fa? Amsa ita ce motar asuba ba ta wani mutum ɗaya ba ce, juyi za ta riƙa bi a cikin layin sandika, kowa ya samu rabonsa. Kuma direban da ya tashi 6:30 zai iya dawowa a ranar da wani lodin, maimakon ya yi sawu ɗaya ya kwana. Ɗan kamasho zai ce an zo a cire masa abinci a baki. A'a, shi za a ba littafin tikiti da rajistar saƙo, ladansa na nan. 'Yan zem za su ce bas za ta kashe musu kasuwa. Ni ina ganin akasin haka. In an san mota na isowa ƙarfe tara, ɗan zem zai zo ƙarfe tara ya ɗauki fasinja, bai ƙona mai yana yawon nema ba. Masu zuwa Kano sun ga yadda aka yi a can: an shigo da A Daidaita Sahu tun wajen 2005, sannan aka hana acaɓa a 2013, mutane suka samu abin komawa. Mu ba ma neman a hana kowa sana'arsa. So muke kowane abin hawa ya san wurinsa, babba ya ɗauki doguwar hanya, ƙarami ya kai mutum ƙofar gida.

Wasu kuma za su ce wannan aikin gwamnati ne. Wani ɓangare nata ne, shi ya sa na ji daɗin ganin wakilan magajin gari a nan. Tun 2003 da aka fara mulkin ƙananan hukumomi a ƙasar nan, kula da tashoshin mota na cikin abin da ke hannunku. Muna biyan haraji da kuɗin tikiti kullum, don haka ba kunya in mun roƙa. Roƙonmu kaɗan ne. A sa allo a kowace tasha mai ɗauke da farashi da lokutan tashi, da manyan lambobi yadda wanda bai yi lakwal ba zai gane. A yi rumfa da benci inda mata da tsofaffi za su zauna, da makewayi mai tsabta da ruwa. A sa fitila mai aiki da hasken rana, domin mai kama motar asuba cikin duhu take fitowa. Kuma duk sanarwar da ta shafi kasuwa ko hanya, a aiko wa ofishinmu kwafi a ranar da ta fito, mu za mu juya ta zuwa harsunan mutane kyauta. Amma, ranku ya daɗe, ba za mu ce sai kun yi naku sannan mu fara namu ba. Mai nema yana tare da samu, kuma hukuma ta fi saurin taimakon wanda ta gani a tsaye.

Iyayena mata, magana ta musamman gare ku. Ku ne kuka fi kowa zama a tasha, ku ne kuka fi ɗaukar kayan da ke lalacewa, kuma ku kuka san darajar adashi, inda kowa ke zubawa a kan rana don kowa ya ɗauka a kan rana. Motar asuba adashi ce ta lokaci. Ina ba da shawarar kwamitin da zai riƙe asusun gwajin ya kasance rabinsa mata ne, kuma ma'ajinsa daga cikinku. Kowane ƙarshen wata a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban jama'a, a kuma buga shi a wannan mujalla tamu. In wata uku suka cika muka ga abin bai yi ba, mu faɗa wa juna gaskiya, mu gyara ko mu dakatar. In ya yi, sai mu ƙara kwanaki, mu duba hanyar Nikki da ta Wake.

Matasa kuma, na san da yawanku na ganin ba abin da ya rage a garuruwan nan sai a tafi Kwatano ko Legas ko a ƙetare hamada. Ba na zargin kowa, neman halak ba laifi ba ne. Amma duk tsarin da na lissafa hannu yake buƙata: mai rubuta tikiti, mai karɓar saƙo, mai fassara, mai karanta labari a rediyo, wakili a iyaka. In kasuwannin ƙauye suka samu mota, za a buƙaci masu awo da masu lodi da masu gyara. Ba zan ce muku wannan zai ɗauki kowa ba, amma ƙofa ce, kuma a garinku take.

Shugaba, abin da nake roƙo a yau shi ne kada mu tashi sai mun yi abu uku. Mu kaɗa ƙuri'a a kan gwajin motar asuba. Mu zaɓi mutanen da za su zauna da sandika cikin mako biyu. Mu kuma ba kowane reshe na iyaka wa'adin wata ɗaya ya kawo sunan wakilinsa. Ni kuma na ɗauki alkawarin cewa ranar da aka ba ni sunayen, washegari saƙon farko zai fita kafin ƙarfe takwas.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa dattawanmu lafiya da nisan kwana. Allah ya tsare direbobinmu da matafiyanmu, ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, ya buɗe hanyoyin da suka toshe, ya sa albarka a kasuwanninmu. Inda na yi daidai daga Allah ne.